Shafukan da ke zagi da sunan wasa: yadda suke bazuwa da ɓarnar da suke yi

Tambaya: Malam, akwai shafukan da ba su da aiki sai cin mutuncin wata ƙabila, ko wani addini, ko mata, amma a saman shafin an rubuta cewa duk barkwanci ne. Wasu masu shafin ma cewa suke yi masu ƙiyayyar suke kwaikwaya don su kunyata su. Cikin 'yan watanni sai ka ga sun tara dubban mabiya. Yaya hakan yake faruwa? Kuma in dai wasa ne, ina illarsa?

Amsa: Malam, da farko ka raba niyyar mai rubutu da tafiyar rubutun, domin hanyarsu ba ɗaya ba ce. Niyya tana zama a zuciyar mai shafin. Abin da yake fita duniya shi ne jimlar da ya rubuta da hoton da ya liƙa, kuma su ne suke aiki a kan mutane.

Masu irin wannan rubutu ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai zambo na gaskiya, wanda yake ƙirƙiro labarin da ya wuce hankali don ya tona wautar mai mulki ko munafuncin jama'a, kuma burinsa a gane ƙirƙira ce. Akwai wanda yake ɗaukar bakin mai ƙiyayya yana magana da shi, yana zuzuta maganar har ta zama abin dariya, da fatan masu karatu su ga muninta. Sannan akwai wanda maganar har zuciyarsa take, wasan garkuwa ce kawai: in an yi masa ca ya ce ba ku san raha ba, in an tafa masa ya ƙara. Wanda rubutun ya faɗo wa a waya yana cikin a-daidaita-sahu ba shi da hanyar bambance su, saboda su ukun suna iya rubuta jimla ɗaya, harafi da harafi.

Gatse ba ya tsayawa da ƙafarsa. Sai mai ji ya san wanda ya yi maganar, ya ji sautin muryarsa, ya san abin da ya saba faɗa. A soshiyal midiya alamar wasan tana maƙale ne a sunan shafin, da ɗan bayanin da ke ƙarƙashin sunan, da tsofaffin rubuce-rubucen mai shafin, da dariyar da mabiyansa suke yi a wajen tsokaci. Babu ko ɗaya daga cikinsu da yake cikin rubutun kansa. To duba yadda suke zubewa. Mabiyin farko ya san shafin, ya yi dariya, ya yaɗa. Abokansa suna ganin sunan shafin amma ba su san halinsa ba, kuma kaɗan ne za su shiga su karanta bayaninsa. Wani daga cikinsu ya ɗauki sikirinshot, ya yanke saman hoton don ya yi kyau a satatus, sunan shafin ya tafi ke nan. Hoton ya shiga guruf na WhatsApp, inda babu tsokacin da zai nuna ana dariya. Daga nan wani ya fassara shi, ko ya karanta shi a saƙon murya da muryar mai jimami, ya ƙara da "jama'a ku ji abin da ake faɗa a kanmu". A zango na huɗu ko na biyar babu sauran ƙamshin wasa a jikinsa, ya zama shaida.

Masu zaman intanet sun daɗe da sanin wannan. A 2005 wani mai suna Nathan Poe ya rubuta a wani zauren muhawarar Kiristoci cewa in ba ka sa alamar dariya ba, ba yadda za ka kwaikwayi mai tsattsauran ra'ayi ba tare da wani ya ɗauka da gaske kake ba. Har yau ana kiran abin da dokar Poe. Kuma ba jahilai kaɗai yake kamawa ba. A 2012 jaridar barkwanci ta Amurka, The Onion, ta ayyana shugaban Koriya ta Arewa Kim Jong-un a matsayin namijin da ya fi kowa kyau a duniya, sai shafin jaridar People's Daily ta jam'iyyar da ke mulkin Sin ya ɗauka da gaske, har ya jero hotunansa 55. A shekarar dai kamfanin labarai na Fars a Iran ya kwafi wani labarin The Onion ya buga a matsayin labari. Waɗannan editoci ne masu albashi, ba masu danna waya a bakin titi ba.

Wancan ya tsaya a dariya. Ga wanda bai tsaya ba. Wani Ba'amurke a jihar Maine, Christopher Blair, ya buɗe shafuka tun 2016 yana ƙirƙiro labaran da ya san za su harzuƙa masu ra'ayin riƙau, wai don ya nuna yadda suke haɗiye ƙarya. Shi kansa mai adawa da su ne, kuma ya rubuta a shafin ƙarara cewa babu abin da yake gaskiya a ciki. Lokacin guguwar Harvey a 2017, ɗaya daga cikin shafukansa ya wallafa cewa wani masallaci a Teksas ya ƙi buɗe ƙofa ga waɗanda ambaliya ta kora saboda ba Musulmi ba ne. Masallacin babu shi, sunan limamin ƙirƙirarre ne. Amma hoton da aka liƙa na mutum ne mai rai, wani limami a Toronto ta Kanada, wanda a kwanakin yana aikin Hajji, bai taɓa taka Teksas ba. Wasu shafuka suka kwafi labarin suka cire gargaɗin, ya bazu a matsayin gaskiya, alhali a daidai lokacin masallatan Houston sun buɗe ƙofofinsu suna tsugunar da mutane. Ka ga abin da ya faru: mai shafin ya nufi masu ƙin Musulmi da izgili, amma abin da ya isa hannun jama'a sabon dalili ne na ƙin Musulmi, da fuskar wani bawan Allah a kai. Rahotanni sun nuna a wata mai kyau Blair yana samun kusan dala 15,000 daga talla. Wanda ya gane wasan da wanda bai gane ba, kuɗin dannawarsu ɗaya ne.

Kada ka ɗauka matsalar ɓacewar alama ce kawai. Ko mutum ya san wasa ne, abin da ke ransa yake gani. A 2009 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio suka nuna wa mutane sama da 300 wani ɓangare na shirin Stephen Colbert, ɗan barkwancin da a lokacin yake fitowa a matsayin mai ra'ayin riƙau don ya yi musu shaguɓe. Ɓangarorin biyu duk sun ce ya ba su dariya. Sai dai masu ra'ayin riƙau sun fi karkata ga cewa da gaske yake, wasan ne yake fakewa da shi. Wato shafin da ke kwaikwayon mai ƙiyayya yana ciyar da taro biyu da kwano ɗaya: masu dariyar mai ƙiyayyar, da masu dariyar wanda aka zaga. Lambar mabiya ba ta gaya wa mai shafin wane taro ne ya fi yawa.

Yanzu batun saurin bazuwa, wanda shi ne ainihin tambayarka. Abin da kake gani in ka buɗe Facebook ko X ko TikTok ba jerin abin da abokanka suka wallafa ba ne bi da bi. Manhaja ce take auna dubban rubuce-rubuce, ta yi hasashen wanne za ka taɓa, ta ɗora shi a sama. Ba ta san yarda ba, ba ta san ƙyama ba, motsi take ƙirgawa. A ƙarshen Maris na 2023 Twitter, wadda yanzu ake kira X, ta fito da wani ɓangare na tsarinta fili, kuma an ga nauyin da take ba kowane motsi a farkon Afrilun shekarar: layik rabin maki, sake yaɗawa maki 1, mayar da martani maki 13.5, martanin da mai rubutun ya dawo ya kula shi maki 75. Ma'ana nauyin mayar da martani ya ninka na danna layik sau 27 a ma'aunin. Facebook kuwa, takardun da tsohuwar ma'aikaciyarta Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 imoji, har da na fushi, ana ba shi nauyin layik biyar. Masu binciken kamfanin da kansu sun gano rubutun da ke tara imojin fushi ya fi ɗauke da ƙarya da cin mutunci, sai a 2020 aka mayar da nauyin fushin sifili. Kamfanonin suna sauya waɗannan lambobi, amma tushen bai sauya ba, abin da ya sa mutane magana shi ake turawa gaba.

Ka ɗora rubutun gatse a kan wannan ma'auni ka gani. Labari na gari yana samun martani iri ɗaya, a karanta a wuce. Zagi tsagwaronsa yana samun iri biyu, masu goyon baya da masu tir, kuma yana da sauƙin cirewa. Zagin da aka lulluɓe da wasa ya fi su duka kasuwa. Masu dariya suna nan, waɗanda suka ɗauka da gaske suka yarda suna nan, waɗanda suka ɗauka da gaske suka fusata suna nan, ga kuma taro na huɗu da ke zuwa su gaya wa masu fushin cewa ba su da kai, wasa ne. Sai masu fushin su rama, mai shafin ya leƙo ya jefa kalma ɗaya, rigima ta koma sabuwa. Rashin tabbas ɗin, da gaske yake ko wasa yake, shi ne injin. Kowace jayayya a kansa maki ce. Wani bincike da aka buga a 2021, wanda ya duba rubuce-rubuce miliyan 2.7 na kafafen labarai da 'yan majalisar Amurka a Facebook da Twitter, ya gano cewa kowace kalma da ta ambaci ɓangaren hamayya tana ƙara yiwuwar a yaɗa rubutun da kashi 67 cikin ɗari. Shafin da duk aikinsa shi ne ambaton "su wancan" ya riga ya hau kan wannan hanya tun ranar da aka buɗe shi.

Kuɗi kuma ya shigo. A Yulin 2023 X ta fara raba kuɗi da masu shafuka gwargwadon motsin da suke jawowa, Facebook da TikTok da YouTube ma kowa da nasa tsarin biya. Ko inda babu biya kai tsaye, shafi mai mabiya da yawa kaya ne: a tallata haja a kai, a sayar da shi, ko a sauya masa suna ana gab da zaɓe ya koma na yaƙin neman ƙuri'a da mabiyan da aka tara da barkwanci.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda shafin kansa yake rikiɗa, domin wannan ne masu kyakkyawar niyya ba sa hangowa. A farko mabiyan 'yan kaɗan ne, sun san juna, sun san wasan. Da wani rubutu ya yi tashe, sai baƙi su kwararo, kuma cikinsu akwai waɗanda maganar ta yi musu daɗi a yadda take. Su ne suka fi naci, su ne suke kwana a wajen tsokaci, su ne suke turo wa admin sababbin hotuna. Mai shafin yana kallon lambobi. Ya ga rubutun da aka yi da dabara ya samu ɗari biyu, wanda aka yi zagin ƙeta ya samu dubu biyar. Ba sai kowa ya ce masa komai ba, gobe ya san wanda zai maimaita. Abin da ya ba da dariya a watan jiya ya zama lami, dole a ƙara yaji. Mutanen farko suna fara jin ƙyama, kuma ba sa tsayawa gardama, ficewa suke yi shiru. Duk wanda ya yi ƙorafi a ce masa ya cika ɗaukar zafi. Bayan shekara guda sunan shafin yana nan, bayanin "duk wasa ne" yana nan, amma mutanen ciki an sauya su gaba ɗaya. Haka ta faru da wani zaure a dandalin tattaunawa na Reddit mai suna GamersRiseUp, wanda aka fara don yi wa 'yan wasan bidiyo masu ƙorafin an danne su shaguɓe, ya ƙare a matattarar wariyar launin fata, aka rufe shi a 2020. Wani mai suna frenworld, da ke ɓoye kalaman ƙin Yahudawa cikin gwarancin yara da zanen kwaɗi, an rufe shi a 2019.

To ina illar in mutum ya san wasa yake? Masanin halayyar ɗan Adam Thomas Ford da abokan aikinsa sun gwada wannan. A binciken da suka buga a 2008, mazan da dama can suke da ƙyamar mata, bayan an ba su barkwancin da ke wulaƙanta mata, sun rage abin da suke son bayarwa ga wata ƙungiyar mata. Da aka ba irinsu maganar wulaƙancin ba cikin raha ba, hakan bai faru ba. Sakamakon yana da muhimmanci a yadda yake: barkwancin bai mayar da mai zuciya fari maƙiyi ba, amma ya kwance wa mai ƙiyayya takunkumi, ya nuna masa a nan wurin ba a jin kunyar wannan. Ƙari a kan haka, tun 1977 masana suka tabbatar cewa maganar da mutum ya sha ji tana ƙara yi masa kama da gaskiya, ko da ya manta inda ya ji ta. Yaro ɗan shekara sha biyar da ya ga an danganta wata ƙabila da sata sau ɗari cikin dariya, dariyar za ta wuce, dangantawar ta zauna. Ga kuma wanda aka zaga. Shi bai ga niyyar kowa ba, ya ga mutum dubu goma suna ƙyaƙyata dariya a kan iyayensa.

Duk wannan a kan masu kyakkyawar niyya ne. Akwai waɗanda da gangan suke yi, kuma sun rubuta dabarar da hannunsu. A Disambar 2017 jaridar HuffPost ta fallasa takardar ƙa'idojin rubutu ta Daily Stormer, shafin 'yan Nazi na zamani a Amurka. A ciki an umarci marubuta su riƙa rubutu cikin raha ta yadda wanda bai riga ya shiga aƙidar ba ba zai iya gane wasa ake ko da gaske ba, kuma an faɗa a fili cewa manufar da gaske ce. Wannan shi ne a fake da guzuma a harbi karsana. Dalilinsu a bayyane yake: matashi zai guji mai wa'azin ƙiyayya da jijiyar wuya, amma zai zauna da mai ba shi dariya. Daga irin waɗannan wurare ne aka ƙwace Pepe, zanen kwaɗon da Matt Furie ya ƙirƙira a 2005 ba da wata manufar siyasa ba, har ƙungiyar ADL ta Amurka, mai yaƙi da ƙin Yahudawa, ta sa shi cikin alamomin ƙiyayya a 2016. A 2017 'yan zauren 4chan, wani dandalin intanet da ake rubutu ba suna, suka shirya yaɗa ƙaryar cewa haɗa babban yatsa da manuniya, alamar "komai lafiya", alama ce ta fifikon farar fata, don su yi dariyar 'yan jaridar da za su yarda. Da wasa da wasa masu aƙidar suka ɗauke ta da gaske. Mutumin da ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch a Niyu Zilan, ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, ya cika takardar da ya bari da irin wannan barkwancin na intanet, ya yaɗa kisan kai tsaye a Facebook, kuma da aka kawo shi kotu ya yi wannan alamar da yatsunsa. Facebook ta ce ta cire kwafin bidiyon miliyan 1.5 cikin awa 24 na farko. Ba ina cewa duk mai tura hoton barkwanci makashi ba ne. Ina cewa makashin ya san yaren da zai sa a yaɗa aikinsa, kuma a wuraren "wasa muke yi" ya koye shi.

Na san wani zai ce ai mu ma muna da wasan tsokana tun kaka da kakanni: Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, ga na taubasai da na jika da kaka. Gaskiya ne, har UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma ka duba sharuɗɗanta. An san wa ke wasa da wa, ba kowa da kowa ba. Ana yi ido da ido, wanda aka tsokana yana nan kuma yana da haƙƙin ramawa daidai wa daida. Akwai iyakar da in aka ƙetare manya za su tsawatar. Kuma a ƙarƙashinsa akwai amana, abokin wasanka ba ka cutar da shi. Shafin da ba a san mai shi ba ya ɗauki tsokanar ya bar sharuɗɗan duka. Yana tsokanar waɗanda babu wasa tsakaninsa da su, a gaban baƙin da ba su san al'adar ba, a kan abin da aka zubar da jini a kansa. A ƙasar da binciken BBC na 2018 ya nuna 'yan sandan Filato suna danganta wasu kashe-kashen watan Yunin shekarar da hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook, barkwanci a kan wane ne ya kashe wane ba abin wasa ba ne. Ko jita-jitar Jubril na Sudan, cewa wai an musanya marigayi Shugaba Buhari da wani mai kama da shi, masu yi don raha sun taya masu yi da gaske ɗaukar ta, har sai da ya fito da kansa a Poland a Disambar 2018 ya ce shi ne ba wani ba.

Kada kuma ka dogara da cewa kamfanonin za su tace. Takardun Haugen sun nuna kashi 87 cikin ɗari na abin da Facebook ta ware wa aikin tantance labaran ƙarya Amurka ya tafi, sauran duniya ta raba kashi 13. Na'urar tacewa kalmomi take kamawa, habaici kuwa ba shi da kalmar da za a kama. A Hausa mutum zai iya gama da kai ba tare da ya yi ashar ko ɗaya ba, balle a cuɗanya da Ingausa, ko a sauya harafi da lamba, ko a laƙaba wa wata ƙabila sunan da 'yan shafin kaɗai suka san ma'anarsa. Kuskuren yana zuwa ta ɗaya gefen ma, a cire zambo na gaskiya a bar zagi. A 2021 kwamitin da ke sa ido kan hukuncin Facebook ya soke cire wani hoton barkwanci da ke sukar yadda gwamnatin Turkiyya take musanta kisan Armeniyawa, kuma bayan nan ne kamfanin ya amince ya bayyana rangwamen da yake yi wa zambo a dokokinsa.

In kana son gane wane irin shafi ne a gabanka, bar tambayar ko da gaske yake, ba za ka taɓa samun amsarta ba, kuma don kada ka samu aka gina shi haka. Koma baya ka karanta rubutu ashirin ko talatin a jere. Duba wa dariyar take faɗa wa. Mai zambo na gaskiya yana taɓa mai mulki, yana taɓa nasa mutanen, yana sauya abin hari. In kullum mutane ɗaya ne a ƙasa, kuma su ne masu rauni a wurin, ka samu amsa. Sannan ka cire "wasa ne" ka karanta jimlar ita kaɗai: in mai ƙiyayya na gaske zai iya ɗaukarta ya wallafa ba tare da ya gyara ko wasali ba, to aikinsa aka yi masa. Daga nan ka sauka wajen tsokaci, nan ne asiri yake tonuwa. In wani ya rubuta "wallahi gaskiya ne, haka suke" ya tara layik, mai shafin bai goge ba bai tsawatar ba, ya san waɗanda yake ciyarwa.

Abin yi kuwa, mafi yawan masu kishi a nan suke kuskure. Suna ɗauko rubutun su ɗora martaninsu a sama, ko su shiga wajen tsokaci su yi ta musayar zafi. Wannan kyauta ce ga shafin, ka kai shi gaban mabiyanka kuma ka ƙara masa maki. A wancan ma'aunin na Twitter, abin da ke rage wa rubutu daraja shi ne bulok da toshewa da danna "ba na son ganin wannan", mai nauyin maki 74 a ƙasa da sifili, da kai ƙara, mai 369 a ƙasa da sifili. In dole sai ka yi magana, kwatanta abin da bakinka ba tare da ka sa mahaɗin shafin ba. In za ka nuna sikirinshot, rufe sunan shafin, ka rubuta "ƙarya ce" a tsakiyar hoton inda ba za a iya yankewa ba, in ba haka ba naka hoton ne zai ci gaba da yawo. Wajen kai ƙara, zaɓi takamaiman rubutu, ba shafin gaba ɗaya ba, ka zaɓi rukunin kalaman ƙiyayya, in akwai wurin bayani ka fassara habaicin a taƙaice, domin mai dubawar wataƙila ba ya jin Hausa. Ka adana hoto da kwanan wata kafin a goge. A WhatsApp babu ma'aunin da zai taimake ka, sai admin. Kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a 2019, saƙon da ya sha yawo kuma zuwa wuri ɗaya a 2020, amma sikirinshot sabo yana tsallake wannan shingen. Admin ya goge saƙon ga kowa da wuri, ya faɗi dalili a jimla ɗaya, ya bi wanda ya turo ta gefe. Kunyata shi a gaban jama'a yakan sa ya kafe.

Rufe irin waɗannan wurare yana aiki, duk da ana cewa ba ya yi. Bayan Reddit ta rufe zaurukan ƙiyayya biyu a 2015, masu bincike a jami'ar Georgia Tech ta Amurka sun bi sawun mambobinsu, suka ga da yawa sun bar dandalin, waɗanda suka zauna kuma sun rage irin waɗannan kalamai da aƙalla kashi 80 cikin ɗari. Wani bincike da ya biyo baya ya nuna waɗanda suke ƙaura zuwa nasu dandalin suna raguwa a yawa, amma a wasu lokutan bakinsu yana ƙara zafi. Ribar ita ce sun rasa hanyar kamo sababbin yara.

Wanda kuma yake son yin zambo tsakani da Allah, kada wannan ya hana shi, al'ummar da ba ta iya yi wa shugabanninta dariya tana cikin matsala. Amma ya sa alamar wasan a cikin hoton, a tsakiya, a kowane rubutu, ba a bayanin shafi kawai ba. Kada ya yi amfani da fuskar mutum na gaske a labarin ƙirƙira, kada ya ari tambarin gidan jarida. Ƙirƙirar ta wuce hankali sosai, domin wadda ta yi kama da abin da zai iya faruwa ita ake ɗauka labari. Ya nisanci kisa da fyaɗe da ɓatanci ga addini, saboda a kansu mutane ba sa jiran bincike kafin su fita titi. Ya riƙa karanta tsokacin mabiyansa yana goge masu ɗaukar abin da gaske, ko da lambobinsa za su ragu. In kuma ya wayi gari waɗanda yake yi wa shaguɓe su ne suka fi yawa a masu tafa masa, ya goge tsofaffin rubutun kafin ya rufe shafin, kuma kada ya sayar da shi, domin mai saye mabiyan yake saye.